Neman baƙuncin kofin Afirka: Najeriya ta fito ita kaɗai ko da maƙwabta, kuma waɗanne birane za ta gabatar?

Rabon Najeriya da karɓar baƙuncin gasar cin kofin nahiyar Afirka tun shekarar 2000, lokacin da ta raba wasannin da Ghana. A wancan karon ƙasashe 16 ne suka fafata a wasanni 32, filaye huɗu kuma suka wadatar: Accra da Kumasi, Legas da Kano. Rukunin Masar da Senegal da Zambiya da Burkina Faso a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano ya zauna. Yanzu lissafin ya canza. Tun 2019 ƙasashe 24 ke shiga, wasanni 52 ake bugawa, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka (CAF) kuma tana neman aƙalla filaye shida: biyu masu ɗaukar mutum 40,000, biyu masu ɗaukar 20,000, biyu masu ɗaukar 15,000. A Disambar 2025 ta ƙara da sanarwar cewa bayan gasar 2028 sai duk shekara huɗu za a riƙa yi. Damar ta ragu da rabi ke nan, masu nema kuwa ba su ragu ba.

Shawara uku ke gaban duk wanda zai rubuta takardar nema, kowace kuma tana ɗaure ta bayanta: ƙasar ta fito ita kaɗai ko ta kama hannun maƙwabciya, birane nawa za a baza gasar a cikinsu, sannan a kowane birni sabon fili za a gina ko tsohon za a gyara. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da ta ƙarshe. Mai mulki ya ga zanen katafaren fili a kwamfuta ya ƙyasa, sai a shiga neman hujjar cusa garinsa a jeri. Su kuwa masu binciken CAF idan suka sauka, filin wasa ɗaya ne kawai daga abubuwan da suke aunawa. Suna duba filin jirgi, da otal, da asibiti, da filayen atisaye, har da mintunan da motar 'yan wasa za ta ci daga masauki zuwa ƙofar fili da yammacin ranar aiki.

Ita kaɗai ko da abokin tarayya

Hujjar haɗin gwiwa a fili take, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kenya da Uganda da Tanzaniya da kowace ta fito ita kaɗai da wuya ta haɗa filaye shida cikin shekara huɗu, amma da suka haɗa kai sai CAF ta ba su gasar 2027 a zamanta na Alƙahira ranar 27 ga Satumbar 2023, ranar da ta ba Maroko ta 2025. Gabon da Ikwatoriyal Gini ma haka suka yi a 2012, kowace da filaye biyu. Ga ƙaramar ƙasa akwai wata ribar a gefe, domin mai masauki gurbinsa a ajiye yake.

Sai dai kasadar ma rabawa ake yi, kuma wanda ya fi nawa a cikin abokan shi ke ja wa kowa. An gani a gasar CHAN ta 'yan wasan cikin gida wadda ƙasashen nan uku suka karɓa a matsayin gwaji. A Fabrairun 2025 aka shirya farawa, saura 'yan makonni CAF ta ɗage ta zuwa Agusta saboda ayyuka ba su kammala ba. Ban da wannan akwai ɗawainiyar da ba ta fitowa a hoton bikin sa hannu. Kwamitin shirye-shirye ya zama biyu ko uku. Motocin watsa wasa da kyamarori sai sun ratsa kwastan duk lokacin da gasar ta tsallaka iyaka. Ɗan kallo mai bin ƙungiyarsa yana buƙatar izinin shiga ƙasa biyu, da canjin kuɗi biyu, da layin waya biyu. 'Yan sandan ɓangarorin ba shugaba ɗaya suke karɓar umarni daga gare shi ba. Bayan kofin duniya na 2002 da Koriya ta Kudu da Japan suka raba, da filaye goma-goma, FIFA ta daɗe ba ta son jin zancen haɗin gwiwa, har ta ƙi yarda Libiya da Tunisiya su nemi na 2010 tare. Abin da ya dawo da ita shi ne girman gasar: ƙasashe 48 da wasanni 104 a 2026, waɗanda aka raba wa birane 16 na Amurka da Meziko da Kanada. Larura ce ta kawo shi.

To Najeriya tana da irin wannan larurar? A duba abokan da za ta iya ɗauka. Jamhuriyar Benin ita ce wadda aka nemi gasar 2025 tare da ita, ba a dace ba. Kwatano na kusa da Legas ta hanyar Seme, wannan gaskiya ne. Amma a Yunin 2024, da Benin ta karɓi baƙuncin Super Eagles a wasan neman gurbin kofin duniya, a Abijan aka buga, domin filinta na Kwatano bai samu amincewar CAF ba. Abokin da ke aron ɗakin saukar baƙonsa ba zai rage maka nauyi ba.

Nijar ta fi kwanta wa mutanen Arewa a rai, da dalili. Kano da Katsina da Maraɗi kasuwa ɗaya suke ci, harshe ɗaya, aure ɗaya. Nijar kuma ba baƙuwa ba ce a wannan aiki: ta karɓi gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, da ta 'yan ƙasa da 20 a 2019 a Yamai da Maraɗi. Rukuni ɗaya a filin Seyni Kountché na Yamai, wani a Kano, da ba a taɓa ganin cikar kasuwa irin wannan ba. Amma ita ma Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, ta buga wasanninta na gida da dama a Maroko saboda matsalar amincewa da fili. Babban abin tsoro kuma ita ce iyakar kanta. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS. Ana ba da gasa shekaru kafin a buga ta, babu kuma mai iya ba CAF tabbacin halin da Jibiya ko Maigatari za su kasance a ranar.

A ganinmu Najeriya ta fito ita kaɗai. Ba yawan filaye ta rasa ba, domin sau biyu ta baza gasar FIFA a birane takwas: ta 'yan ƙasa da 20 a 1999, da ta 'yan ƙasa da 17 a 2009. Abin da ta rasa shi ne kula da filayen bayan baƙi sun tafi, wannan kuwa babu maƙwabcin da zai yi mata shi.

A dunƙule ko a warwatse

Katar da Brazil su ne iyaka biyu na wannan zaɓi. A 2014 FIFA za ta wadatu da filaye takwas, Brazil ta dage sai birane 12 don kowane yanki ya samu rabonsa. Manaus da ke tsakiyar dajin Amazon ta samu fili mai ɗaukar sama da mutum 40,000, aka buga wasa huɗu a cikinsa, alhali garin ba shi da ƙungiyar da za ta cika ko kwatansa. A Brasília har an mayar da harabar filin wurin kwanan motocin bas. Katar a 2022 ta yi akasin haka: filaye takwas duk a Doha da kewayenta, wasanni 64, kowace tawaga a otal ɗaya daga farko har ta fita. 'Yan wasa sun huta da hawa jirgi, amma masauki ya yi ƙaranci har aka kwantar da baƙi a jiragen ruwa da ɗakunan wucin gadi, wasu kuma daga Dubai suke tasowa kullum su koma.

A kofin Afirka tsakiyar nan ce ta fi aiki, kuma akwai dalilin lissafi. Rukuni mai ƙasa huɗu wasa shida gare shi. Wasannin ƙarshe na kowane rukuni kuwa lokaci ɗaya ake take su don kada a haɗa baki, wato dole ɗaya daga cikin biyun ya koma wani fili. A gasar da Kamaru ta karɓa a 2022, rukunin Najeriya a Garwa ya zauna. Ranar ƙarshe Najeriya da Gini Bisau suka tsaya a Garwa, Masar da Sudan sai da suka tashi zuwa Yawunde. Birnin da ya ke shi kaɗai a kusurwar ƙasa yana jawo wannan tafiyar a kowane zagaye. Shi ya sa ake so birane su zo bibbiyu, ko birni ɗaya ya zama da fili biyu. Kwaddibuwa ta yi amfani da filaye shida a birane biyar, biyu daga ciki a Abijan. Maroko ta wuce nan: filaye tara a birane shida, huɗu a Rabat kaɗai, ga jirgin ƙasa mai gudu da ya haɗa Tanja da Rabat da Kasabalanka tun 2018.

Bambancin shida da tara a jikin ciyawa ake ganinsa. Raba 52 gida shida, kowane fili zai sha wasa takwas ko tara cikin wata ɗaya, wasu ranakun wasa biyu a jere da tazarar awa uku. Raba shi gida tara, ya koma shida ko ƙasa da haka. A Kamaru ciyawar Japoma da ke Duwala ta mutu tun ana tsakiyar gasa, har aka kwashe wasu daga cikin wasannin da suka rage mata zuwa tsohon filin Yawunde, a daidai lokacin da aka dakatar da sabon filin garin, Olembe, saboda turmutsutsu. Wanda ya kawo shida cif-cif ba shi da inda zai juya idan ɗaya ya gaza. Filaye bakwai ko takwas a birane biyar zuwa shida, wannan shi ne ma'aunin da ya dace da ƙasa mai faɗin Najeriya.

Wane wata za a buga?

Wannan tambayar tana gaba da zaɓen birane, amma sau da yawa a ƙarshe ake tuna ta. CAF ta mayar da gasar Yuni da Yuli a 2019 don ta daina karo da kakar Turai, Masar kuma ta yi ta cikin tsananin zafi. Daga nan sama ta ƙi yarda. Ta Kamaru ta koma Janairun 2022, ta Kwaddibuwa ma aka ɗage ta daga tsakiyar 2023 zuwa Janairun 2024 saboda damina.

A Najeriya kowane wata da birnin da yake cuta. Yuni da Yuli ruwa ne kamar da bakin ƙwarya a Legas da Fatakwal da Uyo, a lokacin kuwa Kano da Kaduna sun fita daga bazara, ruwansu kuma yakan zo ya wuce. Janairu ya fi wa Kudu daɗi, a Arewa ma sanyin hunturu alheri ne ga mai gudu na minti 90, amma hazo kan rufe filin jirgin Kano da na Kaduna, jirgi ya kasa sauka wuni guda ko fiye. Tawagar da ke da wasa jibi a wani gari ba za ta jira hazo ya washe ba. Don haka birnin Arewa da za a saka a gasar Janairu dole ya zama yana da na'urar saukar da jirgi cikin hazo mai aiki, da kuma hanyar ƙasa da za a iya bi idan sama ta ƙi. Afrilu kam a manta da shi. Gasar 1999 a watan aka yi ta, waɗanda suka buga a Kano da Bauchi sun ɗanɗana.

Akwai kuma azumi. Daga 2028 zuwa 2032 watan Ramadan zai riƙa faɗowa tsakanin Disamba da Fabrairu. Wasan ƙarfe biyar na yamma a Kano zai ƙare ana shan ruwa, na ƙarfe takwas zai hau kan asham. Ba abin da zai hana gasa ba ne, amma wanda bai saka shi a jadawali ba zai nuna wa duniya kujeru wayam a garin da ya fi ko'ina son ƙwallo.

Sabo ko gyararre

Sabon fili yana da abu biyu da tsoho ba shi da su: sarari a kewaye, da damar tsara komai daga tushe. Kuɗinsa kuma ba a gini yake ƙarewa ba. Ana samun sararin ne a bayan gari, bayan gari kuwa sai an kai masa titi da ruwa da wuta. Filin Ebimpé mai ɗaukar 60,000 yana wajen Abijan, ranar buɗe gasa ma sai da aka ga kujeru da yawa babu kowa. Oyem a Gabon an gina mata fili mai ɗaukar 20,000 a cikin daji don gasar 2017, aka gama aka bar shi ga ciyayi. Na Essipong da Ghana ta gina kusa da Sekondi don 2008 shi ma ya lalace. Garwa kuwa gyara aka yi wa tsohon filin Roumdé Adjia, yana cikin gari, ƙungiyar garin, Coton Sport, na buga wasa a cikinsa kafin gasar da bayanta, magoya bayan Najeriya daga Adamawa suka tsallako suka cika shi. Tambayar da ta fi raba gardama ita ce: wace ƙungiya ce za ta buga wasa a nan Lahadin da ke bayan wasan ƙarshe, kuma mutum nawa za su biya su shiga?

Ko sabo ko tsoho, abubuwa uku ne suka fi kunyata mai masauki.

Na farko ciyawa. Filin gasa mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, wato murabba'in mita 7,140. Abin da ido ke gani kore ne kawai, aikin yana ƙasa: bututun magudana a jere, tsakuwa a kansu, sannan ƙasa mai yawan yashi wadda saiwa za ta kama, da ɗan tudu a tsakiya don ruwa ya gangara gefe. Idan ɗan kwangila ya rage tsakuwa ko ya cika da jar ƙasa mai laka, babu mai ganewa sai ranar da aka yi ruwan awa ɗaya. A Satumbar 2023, saura wata huɗu gasa, aka tsayar da wasan sada zumunta tsakanin Kwaddibuwa da Mali a Ebimpé saboda filin ya zama tafki, bayan an daɗe da rufe shi ana gyara. A Arewa matsalar ta juya, ruwan ne babu. Ban ruwa mai kaurin milimita biyar kacal a rana ya kai lita 35,700, kusan tanka huɗu masu lita 10,000, a fili ɗaya, kullum, har ranar da babu wasa. Saboda haka rijiyar burtsatse da tankin ajiya da famfon fesawa suna gaba da fentin kujeru a kasafi. Filayen gasar cikin gida da dama ciyawar roba gare su, wadda za a ɗaga a shuka ta gaske, ita kuma tana son watanni kafin saiwarta ta riƙe takalmin ɗan wasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ba filin gasa kaɗai ba: Kwaddibuwa filayen atisaye 24 ta tanada, domin ƙungiyoyi huɗu a gari ɗaya duk da yamma suke son fita.

Na biyu ƙofa, kuma ita ce ke kashe mutane. Ranar 24 ga Janairun 2022, kafin wasan Kamaru da Komoros, mutum takwas suka rasu a ƙofar kudu ta Olembe, sabon fili fil mai ɗaukar 60,000. Ba kujeru ne suka yi kaɗan ba. Jama'a ne suka taru a ƙofar da ke rufe, na baya na turowa ba su san abin da ke gaba ba. Ƙa'idar da ake bi a filayen Birtaniya ita ce ƙofa mai juyawa guda ɗaya mutum 660 take wucewa da su a awa. Fili mai ɗaukar 30,000 da mutanensa ke zuwa a awar ƙarshe, kamar yadda muka saba, yana buƙatar irin waɗannan ƙofofi kusan 46, duk a buɗe, duk da ma'aikaci. Kafin su kuma sai an yi shinge na waje, nesa da bango, inda za a tace mai tikiti da marar tikiti tun bai matso ba. Kaduna ta ga abin da rashin wannan ke jawowa ranar 25 ga Maris ɗin 2016 a wasan Najeriya da Masar: fili mai ɗaukar 16,000 ya haɗiye mutanen da aka ƙiyasta sun kai 40,000, wasu a kan allon nuna ci, wasu sun ɗare ƙarafan fitilu kamar tsuntsaye a kan reshe, wasu zaune a kan hanyar tsere dab da layi. Allah ne Ya tsare, CAF kuma ta ci tara. Buɗe ƙofa kyauta don a cika fili alheri ne a niyya, a aikace shi ne hanya mafi sauri zuwa turmutsutsu. Tikiti mai arha ƙwarai, mai lamba, wanda aka sayar kafin ranar, ya fi shi aminci.

Na uku wuta. Fitilun fili da na'urorin watsa wasa da na alƙalin bidiyo ba a jingina su da layin gari. A janareto ake kunna su tun kafin a take wasa, na biyu yana gefe a kunne, da na'urar da za ta sauya kaya daga wannan zuwa wancan ba tare da ƙiftawa ba. Tsofaffin fitilu idan suka mutu sai sun huce kafin su sake kamawa, minti goma ko fiye ya tafi ke nan. Hakan ta faru a Kano a 2009, a wasan Sifaniya da Amurka. Fitilun LED nan take suke dawowa, sauya su kuma ba ya cikin ayyuka masu tsada.

Biranen Najeriya a ma'auni

Matakin 40,000 shi ne inda ƙasar ta fi rauni. Filin Moshood Abiola na Abuja, wanda aka buɗe a 2003, yana ɗaukar kimanin 60,000, shi ne na buɗewa da rufewa babu gardama, in dai an warware matsalar ciyawarsa da ta sha mutuwa, aka kuma gyara shingen da 'yan kallo suka ratsa suka shiga fili ranar 29 ga Maris ɗin 2022 bayan wasan Ghana. Na biyun ne abin muhawara. Babban filin Surulere, inda Najeriya ta ci Aljeriya 3 da nema ta ɗauki kofin 1980, inda kuma Kamaru ta doke ta a bugun fenariti a 2000, ya daɗe a yashe, gyaransa kusan sabon gini ne. Adokiye Amiesimaka na Fatakwal yana ɗaukar kusan 38,000, ƙari kaɗan yake so, kuma zai fi arha nesa ba kusa ba. Duk da haka Surulere ya fi cancanta a zuba masa kuɗin. Teslim Balogun na tsallaken titi, wato Legas za ta zama da fili biyu kamar Abijan, ga otal da jirage da asibitoci waɗanda babu garin da ya kama ƙafarta. Uyo mai ɗaukar 30,000 ita ce ta riƙe Super Eagles a shekarun da sauran filaye suka gaza cika sharuɗɗan CAF, shigarta ba ta buƙatar dogon bayani, Fatakwal kuma ita ce abokiyar tagwaitakarta.

A Arewa garuruwa huɗu ake ambata: Kano, Kaduna, Katsina da Bauchi.

Kano ce ta farko, kuma ba don girman filinta ba, domin Sani Abacha a matakin 15,000 yake. Abin da take da shi kuɗi ba ya saye. Akwai filin jirgin Malam Aminu Kano mai karɓar jiragen ƙasashen waje, da asibitin koyarwa, da otal-otal, da filin Pillars na Sabon Gari da filayen Jami'ar Bayero waɗanda za a iya ɗaga su su zama na atisaye, uwa uba ga magoya bayan Sai Masu Gida da ke cika fili ba tare da an roƙe su ba. Ta karɓi 1999 da 2000 da 2009. Rauninta yana wajen bango. Ƙofar Mata tsakiyar hada-hada ce, ga asibitin Murtala, ga marina, ga Kantin Kwari a kusa, 'yan adaidaita sahu da masu tura baro suna goga kafaɗa tun safe. Shingen waje da wurin ajiye motocin watsa wasa da hanyar motar asibiti duk sarari suke so, sararin kuwa sai an rufe tituna tun azahar a ranar kasuwa. Wannan ne zai sa wasu su ce a gina sabo a bayan gari. Mu dai mun fi karkata ga gyara, tare da tsarin rufe tituna da aka zauna da shugabannin 'yan kasuwa aka amince da shi, aka kuma gwada shi a manyan wasannin Pillars na kaka biyu kafin gasa. Sabon fili a hanyar Zariya ko ta Wudil zai yi kyau a talabijin, amma yaron da ke takowa da ƙafa daga Fagge ko Yakasai ba zai bi shi can kowane mako ba.

Kaduna darajarta a wurin zamanta take. Jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa, kilomita 186, ya haɗa ta da Abuja tun 2016, Kano kuma tana kimanin kilomita 230 a mota. Ita ce ke mayar da Abuja da Kano jeri ɗaya maimakon tsibirai biyu, ita ce kuma mafita ranar da hazo ya hana tashi. Filin jirginta ya taɓa ɗaukar nauyin Abuja gaba ɗaya na mako shida a 2017 lokacin gyaran titin saukar jirage. Abu biyu ke rage mata maki. Ba ta da ƙungiya mai jan jama'a irin Pillars, sannan harin da aka kai wa jirgin ƙasa ranar 28 ga Maris ɗin 2022 yana nan a cikin fayil ɗin duk wani jami'in tsaron tawaga. Amsar wannan ba alkawari ba ce, shekaru ne na zirga-zirga lafiya da za a iya nunawa. Najeriya ta san zafin irin wannan hukunci, domin a 1995 FIFA ta ɗauke mata gasar 'yan ƙasa da 20 ta kai Katar saboda fargabar annoba, ciki har da sanƙarau.

Katsina filinta na Muhammadu Dikko ya fi na Kano da na Kaduna girma da sabunta, kuma ita ce mafi kusa da 'yan kallon Maraɗi. Amma a ƙirga ɗakuna. Tawaga ɗaya da 'yan wasa da masu horarwa da likitoci da masu dafa abinci takan kusan mutum 50, rukuni ɗaya ɗaki 200 ke nan a otal-otal masu daraja ɗaya, don kada wata ƙasa ta yi ƙorafin an fifita wata, kafin a zo kan alƙalan wasa da jami'an CAF da 'yan jarida. Wannan ne zai yi wa Katsina wuya, ga kuma batun tsaron hanyoyinta. Matsayin da ya dace da ita shi ne fili na bakwai ko na takwas, wanda zai karɓi wasan ƙarshe na rukunin Kano ko ya tsaya a madadin wanda ya gaza. Bauchi tana da tarihin 1999 da 2009 da kuma Wikki Tourists, amma filinta ne ƙarami a cikin huɗun, kuma ba ta da abokiyar tagwaitaka a kusa.

Jerin da ya fito ke nan: Abuja da Kaduna da Kano a layi ɗaya, Legas da filayenta biyu, Uyo da Fatakwal, Katsina a ajiye. Yankuna da dama za su ce an bar su, musamman Enugu da Ibadan da Kalaba waɗanda suka karɓi baƙi a baya, kuma matsin lambar a ƙara fili na tara da na goma zai zo daga manya. CAF ta ƙwace gasar 1996 daga Kenya, ta 2000 daga Zimbabwe, ta 2019 daga Kamaru, ta 2025 daga Gini, dukkansu saboda alkawarin gine-ginen da ba su tashi a kan lokaci ba. Kafin a kai takarda Alƙahira, aƙalla huɗu daga cikin filayen nan takwas su riga sun samu amincewar CAF, kowanne kuma an buga wasan Super Eagles ko na gasar zakarun Afirka a cikinsa da tikiti mai lamba.